ABINCIN MA'AIKACI: ABIN DA MUKA GANI A MANDO

Duk wanda ke so ya san irin abincin da ma'aikatan ƙasar nan ke ci, ba sai ya shiga gidajensu ba. Ya yi sammako kawai ya tsaya a bakin shataletalen Mando, a arewacin garin Kaduna, tun daga fitowar rana har ta take tsaka. Daga nan ne hanyar Birnin Gwari ta fita, wadda ke bi ta Tegina da Mokwa da Jebba har Ikko, ta nan kuma ake bi zuwa filin jirgin sama. Ga babbar tashar mota, ga sansanin mayaƙan sama, ga Asibitin Ido na Ƙasa, ga Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa, ga kuma Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Saboda haka da wuya a ambaci wata sana'a wadda ba za a ga mai yin ta ba a wannan wuri, da direba da ɗan dako, da bakanike da soja, da akawu da malamin makaranta, da ma'aikaciyar jinya wadda ta kwana a bakin aiki tana haramar komawa gida.

Mu da aikinmu ya kan kai mu zagayen makarantu, mun sha tsayawa a nan muna jiran mota, muna kallon abin da kowa ke kaiwa baki. Abin da muka lura da shi kuwa shi ne, yawancin ma'aikata ba su ke zaɓen abincinsu ba, aikinsu ne ke zaɓa musu. Lokacin da mutum ke fita, da inda ya ke wuni, da ɗan abin da ya rage a aljihunsa, su ne ke yanke masa abin da zai ci, shi kuwa yana tsammani ra'ayinsa ne. To, tun da mu akawuna da malaman makaranta muna cikin wannan hali, kuma mu ne ake kallo a yi koyi, muka ga ya kamata mu yi magana a kai.

MENE NE ABINCI MAI ƊOREWA?

A shekarar 2010 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara masana a birnin Rum, suka yi shawara a kan abin da suka kira abinci mai ɗorewa. A 2019 kuma ita da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fito da ƙa'idodinsa. Bayaninsu na da tsawo, amma in an taƙaita shi da Hausarmu bai wuce abu uku ba. Abinci mai ɗorewa shi ne wanda jiki zai iya ɗauka shekara da shekaru ba tare da ya jawo masa cuta ba, wanda aljihu zai iya ɗauka daga farkon wata har ƙarshensa ba tare da cin bashi ba, wanda kuma ƙasar noma da daji za su iya ci gaba da bayarwa har 'ya'ya da jikoki su samu. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, sauran biyun ba za su daɗe a tsaye ba. Da wannan ma'auni za mu auna abin da muka gani.

DIREBA DA ƊAN DAKO

Bari mu fara da tasha. Direban da zai kama hanyar Ikko ya kan karya kumallo a teburin mai shayi: kofi cike da madara da sukari, da rabin burodi, da taliyar leda wadda aka soya da ƙwai. Sa'an nan ya sayi goro da abin shan nan na gwangwani mai hana barci ya ajiye kusa da sitiyari. Daga nan zai wuni a zaune, ba abin da ke motsi a jikinsa sai hannu da ƙafa, in ya tsaya a hanya kuma ya cika ciki da shinkafa da nama da lemon kwalba cikin gaggawa, domin fasinja na jira. Mai keke mai ƙafa uku da ke zirga-zirga tsakanin Mando da Kawo shi ma haka ya ke, sai dai shi ya kan ƙi tsayawa cin abinci sam sai ya haɗa kuɗin mai keken, watau sai bayan la'asar.

Kusa da su ga ɗan dako da lebura, waɗanda ke sauke buhuna tun safe. Su koko da ƙosai ne karin kumallonsu, da rana kuwa ɗanwake ko garau-garau, ko rogo da ƙuli, ko fura da nono in Bafilatana ta iso. Mutane su kan ɗauki wannan abincin talaka ne, amma in an auna shi da ma'auninmu ya fi na direba nesa ba kusa ba, gama akwai hatsi a ciki, akwai wake, kuma duk a ƙasar nan aka noma su. Matsalar ɗan dako ita ce abincin ba ya isarsa. Masana sun ƙiyasta cewa namiji mai aikin zama yana bukatar kalori, watau ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 2,200 zuwa 2,500 a yini, mai aikin ƙarfi kuwa ya kan bukaci 3,000 ko fiye. Sai ga shi wanda ya fi bukata shi ne ya fi ƙarancin samu, wanda ke zaune kuwa shi ke ci fiye da ƙima.

Wannan bambanci na mai zama da mai motsi ba yau aka gane shi ba. A shekarar 1953 wani likita na Ingila, Jeremy Morris, ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan, mutum wajen 31,000. Ya tarar direbobi, waɗanda ke wuni a zaune, sun fi kwandastoci kamuwa da ciwon zuciya, domin su kwandastoci wuni su ke yi suna hawa da sauka suna karɓar kuɗi. Ya kuma duba ma'aikatan gidan waya, ya ga masu yawon raba wasiƙu sun fi akawunan da ke zaune a ofis lafiyar zuciya. Mota ɗaya, gari ɗaya, amma irin aikin ya raba su.

MU AKAWUNA DA MALAMAI

To, nan maganar ta iso kanmu. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Mun tashi mun ga iyayenmu suna cin malmalar tuwo biyu ko uku da dare, su yi ɗumame da safe, sa'an nan su ɗauki fartanya su wuni a gona. Mu kuwa muka gaji cin, muka bar fartanyar. Akawu ya kan fito gida a makare ba tare da ya karya ba, ya zauna kan kujera, wajen ƙarfe goma sha ɗaya yunwa ta kama shi, ya aiki masinja ya sayo masa abin da ya fi kusa, wanda ba ya wuce fanke ko biskit ko burodi da lemon kwalba. In ya koma gida da yamma ya ci na rana da ya tarar, bayan isha kuma ya ci tuwo ya kwanta a kai. Shekara goma a haka sai tumbi ya fito, jama'a su ce hutu ya zo, alhali kuwa hawan jini da ciwon sukari ne ke sallama.

Malamin makaranta shi nasa halin dabam ne kaɗan. A tsaye ya ke wuni yana magana, hutun tara kuwa bai fi 'yan mintoci ba, ya kan ƙare wajen duba littattafan yara. Malama ta kan tashi tun asuba ta dafa wa miji da 'ya'ya, ta zuba wa kowa nasa, ita kuwa ta fita da cikinta wayam. Mun sha shiga aji bayan ƙarfe goma sha biyu mu tarar malami ya yi laushi, muryarsa ta dushe, ya rubuta aiki a allo ya koma ya zauna. Da can mu kan rubuta a rahotonmu cewa malamin ba shi da himma. Daga baya da muka riƙa tambaya, sai muka tarar sau da yawa tun tuwon jiya bai sa kome a bakinsa ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya, mu kuwa muna neman a ja mana na rijiya ba mu tambayi na ciki ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta buga wani littafi a 2005 a kan abinci a wurin aiki, inda aka nuna rashin cin abinci nagari ya kan rage yawan aikin da ma'aikaci zai yi har da kashi 20 cikin 100. A ofis wannan asarar takardu ce da ke makara, a makaranta kuwa asarar karatun yara ce.

Akwai kuma masu aikin dare, ma'aikatan jinya da masu gadi da masu kayan sarki. Su jikinsu na neman barci, su kuma suna ba shi shayi mai sukari da burodi da tsakar dare don su kore shi. Jikin ɗan Adam ba ya sarrafa sukari da dare kamar yadda ya ke yi da rana, don haka mai aikin dare ya fi kowa bukatar ya ci abincinsa mai nauyi kafin ya fita, ya riƙe abu mara nauyi kamar gyaɗa ko ayaba ko kunu mara sukari don tsakar dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa. Kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali ɗaya. Kada sukari ya wuce wajen giram 50, watau ƙananan cokula 12, in ya yi ƙasa da haka ya fi kyau. Ganye da 'ya'yan itace kuwa kada su kasa giram 400. Kowa ya lissafa nasa. Lemon kwalba guda ɗaya ya kan ɗauke fiye da rabin sukarin yini, ɗunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, ga shi a kan jefa uku ko huɗu a tukunya sa'an nan a ƙara gishiri.

MAGANAR ALJIHU

Wani zai ce, ai duk mun ji, amma da wane kuɗi? Gaskiya ne. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, farashin abinci ya bi shi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da labari cewa tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a kan ta shekarar da ta gabata. A watan Yuli na shekarar aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata.

To, bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. A ce ƙaramin ma'aikaci yana kashe Naira 1,500 kullum a wajen mai shayi da mai abinci. A kwana 22 na aiki ya kashe Naira 33,000 ke nan, kusan rabin wancan albashi, a cikinsa shi kaɗai, iyali ba su gani ba. Wannan ne ya sa da wata ya kai ashirin sai a koma cin bashi a wajen mai abinci, albashi ya zo a biya, a sake komawa gidan jiya. Da rabin wannan kuɗi aka sayi wake da gero da manja aka kai gida, da shi da iyalinsa duk sun ci.

Akwai kuma wani abu da ba mu cika lura da shi ba. Burodi da taliya da fanke da biskit duk daga alkama su ke, fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya kuwa daga waje ake sayo ta. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, ƙasashe biyu masu sayar wa duniya alkama, mai shayin Mando ya ƙara kuɗin burodi. Ma'aikacin da ya ɗora karin kumallonsa a kan alkama ya ɗaura cikinsa ga jirgin ruwa da canjin dala. Wanda ya ɗora shi a kan koko da ƙosai kuwa kuɗinsa na komawa ga manomin Igabi da Giwa da Soba.

MAGANAR ƘASA

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake irin namu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne, waken suya da ake awara da shi kuwa ya fi haka. Ban da wannan, saiwar wake ta kan tara wa ƙasa taki daga iska, shi ya sa kakanninmu ke shuka shi a tsakanin gero da dawa, harawarsa kuma ta ciyar da dabbobi da rani. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, ta fito da irin wake iri iri masu saurin nuna. Gero da dawa kuwa suna jure ƙarancin ruwan da masara da shinkafa ba za su jure ba, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero da danginsa. Abin mamaki, abincin da masanan duniya ke yabo yau shi ne wanda ɗan boko ke jin kunyar a gan shi yana ci a ofis.

Game da nama, a Turai da Amurka ana kiran mutane su rage, domin suna ci fiye da ƙima, kiwon kuma na cin ƙasa da ruwa mai yawa. Wannan kira bai shafi ɗan dakon Mando ba, wanda ya kan yi mako bai ga tsoka ba. Shi ƙari ya ke bukata, ko ƙwai ko kifi ko nono. Wanda ya shafa shi ne babban ma'aikacin da ba ya kwana sai ya tsaya wajen mai tsire, ya ci shi kaɗai a tsaye, alhali kuɗin zai sa nama a miyar gidansa kwana biyu.

Mazauna Mando sun fi kowa sanin cewa abinci na tafe ne da zaman lafiyar manomi. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Birnin Gwari, manoma da yawa sun bar gonakinsu, motocin hatsi suka ragu, kowa ya ji a mudu. Sai a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe. Haka kuma a 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa. A wannan shekara gidan da ya saba da kauɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa bai rasa miya ba. Darasin shi ne a ci kowane abu a lokacinsa, a shanya na shanyawa tun yana araha, kada a dogara ga abu guda.

Sai maganar wuta da leda. Duk buhun gawayin da aka jibge a bakin hanya itace ne da aka sare a daji, wake kuwa na cin wuta. In an jiƙa shi tun dare, aka rufe tukunya, gawayin da zai ci ya ragu ƙwarai. Ledar da ake ƙulla ɗanwake da kunu a ciki kuma, ita ce mu ke gani ta toshe magudanar ruwa da damina, ita ce mahauta ke tararwa a tumbin awaki da shanu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta ƙiyasta a 2011 cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya ba ya shiga cikin kowa, lalacewa ya ke yi ko a zubar. Kakanninmu da suka ƙago ɗumame sun riga mu gane wannan.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Ba mu ce kowa ya sake abincinsa dare ɗaya ba, gama abin da aka fara da zafi ba ya daɗewa. Ga dai abin da muka gwada a kwalejinmu ta horon malamai, muka ga amfaninsa.

Na farko, kada ma'aikaci ya fita da ciki wayam. Ɗumame ko koko da ƙosai ko kunun gyaɗa sun isa. In shayi za a sha, a rage sukari sannu a hankali, cokali ɗaya kowane mako, har harshe ya saba. A kuma bar tazara tsakanin shayi da abinci, domin shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wannan kuwa ya fi shafar mata.

Na biyu, a dawo da ɗaukar abinci daga gida. Manomi bai taɓa jin kunyar a kai masa akushi gona ba, don me akawu zai ji kunyar kula? Dambu da zogale, ko fate, ko shinkafa da wake, ko kwaɗon rama, duk suna kai azahar ba su lalace ba. Amma fa kada wannan ya zama ƙarin kaya a kan uwargida ita kaɗai, musamman in ita ma ma'aikaciya ce. A ƙara a tukunyar dare, kowa ya zuba nasa, maigida ya tabbata ya kawo cefanen.

Na uku, inda ma'aikata ke da yawa su haɗa kai. Malaman makaranta guda za su iya yin adashen hatsi da kaka, su sayi buhun wake da na gero lokacin da suke araha su raba. Za su kuma iya shiryawa da mai abinci guda mai tsabta, a biya ta a farkon wata, a gaya mata ta rage mai da magi ta ƙara ganye, kowa ya zo da kwanonsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, kowa ya ci gwargwadon aikinsa. Mai aikin zama ya rage malmala ya ƙara miya, ya ci na dare da wuri, ya sauka daga mota kafin ofis ya ƙarasa da ƙafa. Mai aikin ƙarfi ya ƙara wake da gyaɗa, ya sha ruwa da yawa. Duk wanda ya kai shekara arba'in kuma ya riƙa zuwa ana auna masa jini da sukari, ko da ba ya jin ciwon kome, domin hawan jini ya kan daɗe a jiki bai nuna alama ba.

Na biyar kuwa namu ne, mu shugabannin ofisoshi da makarantu. Mu ba ma'aikata lokacin cin abinci sosai, da wurin zama, da ruwan sha mai tsabta. In an yi taro a daina raba lemon kwalba da biskit, a kawo zoɓo ko kunun aya mara sukari da yawa, da gyaɗa da 'ya'yan itacen da ke kasuwa a lokacin. Makarantar da ke da fili ta shuka zogale da alayyafo da kuɓewa, yara su koyi aikin gona, malamai su sami ganye.

Muna roƙon malamai musamman su riƙe wannan magana, domin yaro ya kan manta abin da aka rubuta masa a allo game da abinci mai gina jiki, amma ba ya manta abin da ya ga malaminsa na ci a lokacin tara. Masu karatu da suka gwada wani abu daga cikin waɗannan a ofisoshinsu ko makarantunsu, muna so su rubuto su gaya mana yadda suka ƙare, don wasu su amfana. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, amin.